Raba Aure a Ingila: Ta Intanet ko Ta Hannun Lauya

Kafin a shiga bayani, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar da aka zaɓa a kan wannan darasi. A Hausa, saki aikin miji ne, shi yake furta shi ko ya rubuta takarda. A Ingila da Wales kuwa babu mijin da yake da ikon kashe aurensa da bakinsa. Dokar iyali ta shekarar 1986 ta tanadi cewa duk rabuwar da aka yi a cikin ƙasar ba ta da matsayi a idon hukuma sai idan kotu ce ta yanke ta. Saboda haka "raba aure" za mu riƙa cewa. Wannan ya shafi Musulmin da ke zaune can, har da Hausawa: wanda ya yi auren rajista, sannan ya furta saki a ɗakinsa a Landan, to a wurin hukuma matar nan tana nan a matsayin matarsa.

Daga nan za a gane cewa raba aure ta intanet ba yana nufin an kauce wa kotu ba ne. Hanyar shigar da takarda ce kawai ta sauya. Tun daga watan Mayu na 2018 gwamnati ta buɗe wa jama'a shafin da mutum zai cike fom da kansa, ya ɗora hoton takardar shaidar aure, ya biya kuɗin kotu, wanda a shekarar 2022 ya kai fam 593. Su ma lauyoyi, tun daga 2021, ta intanet ɗin aka wajabta musu shigar da takardun waɗanda suke wakilta. Ke nan tambayar ita ce: mutum ya yi da kansa, ko ya biya masani ya yi masa?

A da, amsar ta fi karkata ga lauya, domin dokar 1973 ta bukaci mai ƙara ya kafa hujja ɗaya daga cikin biyar: zina, ko mugun hali, ko ƙaurace wa abokin zama, ko zaman rabe na shekara biyu da yardar ɗayan, ko na shekara biyar ko da bai yarda ba. Shari'ar wata mata mai suna Tini Owens ta fito da aibin wannan tsari fili. Ta ce zaman ya ƙare, mijinta ya ce bai ƙare ba, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hujjarta ba ta kai ba, sai dai ta jira shekara biyar su cika. Sabuwar doka ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2022. A ƙarƙashinta, ya wadatar ɗaya daga cikin ma'auratan, ko su biyun tare, su bayyana cewa auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, muddin ya kai shekara ɗaya da ɗaurawa. Bayan mako 20 sai a nemi hukuncin farko, bayan wasu kwana 43 kuma a nemi hukuncin ƙarshe. Lauya ba ya iya rage ko kwana ɗaya daga wannan wa'adi. Don haka ma'auratan da ba su da gida ko fansho ko wata dukiya ta a-zo-a-gani, kuma ba sa jayayya, da wuya a ga abin da lauya zai ƙara musu a wannan mataki.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen dukiya. Hukuncin ƙarshe igiyar aure kaɗai yake tsinkewa, bai taɓa haƙƙin da kowannensu yake da shi na neman kaso daga dukiyar ɗayan. Wannan haƙƙi yana nan a buɗe har sai alƙali ya sa hannu a kan wani hukunci na daban game da kuɗi. Yarjejeniyar baka, ko wadda suka rubuta tsakaninsu ba tare da ta je gaban alƙali ba, ba ta rufe wannan ƙofa. Misalin da ya fi shahara shi ne na Dale Vince da Kathleen Wyatt. Sun yi aure a 1981, aka raba su a 1992, lokacin da dukkansu ba su da ko sisi. Daga baya mijin ya kafa kamfanin Ecotricity mai samar da lantarki daga iska, ya zama hamshaƙin attajiri. A 2011 matar ta shigar da ƙara, a 2015 Kotun Ƙoli ta ce tana da damar a saurare ta, a 2016 kuma aka daidaita a kan fam 300,000. Akwai kuma tarko ta ɗaya gefen: wanda ya yi gaggawar sake aure kafin ya shigar da bukatarsa ta kuɗi, yakan rasa damar neman yawancin abin da zai iya samu. Fom ɗin intanet ba zai zaunar da mutum ya faɗa masa cewa fanshon mijinta, bayan shekara ashirin tana renon 'ya'ya, wataƙila ya fi gidan da suke jayayya a kansa daraja ba. A ganina, a nan ne kuɗin lauya yake halatta, musamman idan ɗaya yana ɓoye dukiya ko yana tsoratar da ɗayan. Batun riƙon 'ya'ya shi ma shari'a ce mai zaman kanta. Abin takaici, tun daga Afrilun 2013 aka janye tallafin lauya na gwamnati daga yawancin shari'o'in iyali, sai waɗanda suke da shaidar cin zarafi, wanda hakan ya sa mutane da yawa suke yi da kansu bisa tilas.

Sai dai ɗaukar lauya ma bai hana kuskure ba. A watan Oktoba na 2023 wani ma'aikacin ofishin lauyoyi a Landan ya buɗe fayil ɗin da ba shi ake nufi ba, ya latsa neman hukuncin ƙarshe ga wasu ma'aurata da suke tsakiyar tattaunawa kan dukiyarsu. Cikin minti 21 aka amince. Da aka roƙi kotu ta soke, shugaban sashen shari'o'in iyali, Sir Andrew McFarlane, ya ƙi a 2024, bisa hujjar cewa hukuncin ƙarshe abu ne da jama'a suke dogara da tabbacinsa, kuma lauyoyin suna da izinin wakiltar matar a lokacin da aka latsa.