Jarfar kishin ƙasa: abin da shari'a da dokar soja suka ce wa matasanmu

Duk lokacin da Rundunar Sojin Ƙasa ta buɗe ƙofar ɗaukar kurata, matasa daga Kurugu da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo kan shiga sahun masu nema, da fatan su samu kansu a makarantar horar da kuratan soja ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924. Waɗannan matasa su ne kuma ke kallon hotunan sojojin Amurka da Ingila a wayoyinsu, damatsa cike da zanen tuta, ko gaggafa, ko sunan abokin da ya faɗi a fagen fama. Ba mamaki wani ya ji sha'awar ya yi irin wannan zane don nuna kishin ƙasa. Kafin allura ta taɓa fata, ya kamata mu san abin da ke tattare da shi.

Abin da Turawa ke kira tatu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun san jarfa, wadda wanzami kan yi wa mata don kwalliya: a tsaga fata, a cusa baƙi, ya zauna har abada. Larabawa na kiranta washmu. Bambancin kawai shi ne yau injin allura ya maye gurbin aska, tawada kuma ta maye gurbin baƙin tukunya.

Hukuncinta a bayyane yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da su, hadisan da suka zo da tsinuwa ga mai yin jarfa da mai neman a yi mata. Malamai sun bayyana cewa an ambaci mata ne don su suka fi yi a wancan zamani, amma hukuncin ya haɗa da maza. Dalili shi ne canza halittar Allah, abin da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta lissafa cikin ayyukan da Shaiɗan ke umurni da su. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaurukanmu sun ci karo da wannan hani a babukan ƙarshe na littafin. Kyakkyawar niyya ba ta halatta abin da nassi ya hana.

Akwai kuma wani haɗari na musamman ga mai son tambarin soja. Tambarin Rundunar Sojin Ƙasa ta Najeriya yana ɗauke da rubutun Larabci mai nuna cewa nasara daga Allah take. Wanda ya zana shi a jikinsa ya ɗauki sunan Allah ke nan, zai riƙa shiga da shi makewayi, ya kuma kwana da shi cikin janaba.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne ita kanta rundunar ba ta maraba da wannan zane. Cikin sharuɗɗan da takan fitar a lokacin ɗaukar sababbin jami'ai akwai cewa kada mai nema ya kasance da zane ko rubutu a jikinsa, kuma a wurin tantancewa ana duba jiki. Haka nan ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Disambar 2024 sun hana jami'ai yin jarfa da huda jiki. Saboda haka yaron da ya zana tuta a damtsensa don son kaki, yana iya rufe wa kansa ƙofar kakin da hannunsa. Ga kuma batun lafiya: allurar da aka yi wa wani amfani da ita tana iya ɗaukar cutar hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Wanda ya riga ya yi, kada ya yanke ƙauna. Tuba ta gaskiya tana shafe abin da ya gabata. Imam Nawawi da wasu malamai sun ce a cire idan zai yiwu ba tare da cutuwa ba. Idan kuwa cirewar za ta jawo lahani, tuba ta wadatar. Da yake tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwan alwala isa ga gaɓa. Kada kuma a yi gangancin ƙona wurin da wuta ko ruwan batir. Likita ake nema.

Son ƙasa ba laifi ba ne. Ko da yake zancen nan da ya shahara na cewa kishin ƙasa yana cikin imani bai inganta a matsayin hadisi ba, ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ƙaunarsa ga Makka lokacin da zai bar ta. Tirmizi kuma ya ruwaito bushara ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, cewa wuta ba za ta shafe shi ba.

To, mai son tunawa da abokin da ya rasu a dajin Sambisa ko a bakin Tafkin Chadi, hanyoyi a buɗe suke. Ya ɗauki nauyin karatun marayan da ya bari, ya haƙa rijiya da sunansa, ya riƙa yi masa addu'a bayan kowace salla. Ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da 'yan mazan jiya, ya leƙa gidan matar da aka bari da yara, ko da da mudun masara ne. Iyaye kuma su zauna da 'ya'yansu su faɗa musu wannan tun kafin a fara cike takardu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen kare al'umma, Ya tsare na raye, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.