Famfon mai da kafireta: Ba kowane ƙarfi ake bukata ba

Wata ranar Asabar a cikin bazara, saura ƙiris tsohuwar motata ta ƙone ƙurmus a ƙofar gida. Peugeot 504 ce, wadda muka fi sani da Fijo, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Na gaje ta daga mahaifina, na kuma kashe mata kuɗi, har na sauya mata kafireta zuwa samfurin Weber domin ta ƙara kuzari. Da famfon manta ya gaji, sai wani bakanike ya ce mini: "Malam, bari in sa maka mai ƙarfi." Na amince ba tare da na tambaye shi wane irin ƙarfi yake nufi ba. Minti biyu da tayar da ita, warin fetur ya cika wurin, na buɗe bonet na tarar da mai yana kwarara a kan inji mai zafi.

A matsayina na mai nazarin harshe, daga baya na gane cewa kalma ce ta yaudare mu. "Ƙarfi" a bakin bakanike ya haɗa abubuwa biyu mabambanta: yawan man da famfo ke kawowa a cikin awa guda, da kuma matsin da yake turo shi da shi. Injin da aka ƙara wa kuzari yawa yake bukata, ba matsi ba.

Dalili kuwa yana cikin kafiretar. Tana da ɗan kwano da mai ke taruwa a ciki, da wani abu mara nauyi da ke yawo a saman man. Idan kwanon ya cika, sai abin nan ya taso ya tura wata allura ta toshe mashigar mai. Allurar ba ta da wani ƙarfin kirki. Kafiretar Weber ba ta son matsi ya wuce psi 3 ko 3.5, manyan kafiretocin Holley na Amurka kuwa suna ɗaukar kamar psi 5 zuwa 7. Famfon da aka sa mini na motar injekta ne, irin wanda ke aiki da psi 40 ko fiye. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ke nan: man ya banke allurar, ya cika kwano, ya tumbatso waje.

To, mai karatu zai ce, yaya ake gane yawan da ya dace? Lissafin ba shi da wuya. Injin fetur da ba shi da tobo yana shan kimanin sulusin lita a awa guda a kan kowane ƙarfin doki ɗaya, idan an take shi iyaka. Wato inji mai ƙarfin doki 100 yana bukatar lita 30 da 'yan kai a awa, mai doki 300 kuma wajen lita 95. Sai a ƙara wani abu a kai, domin adadin da ake rubutawa a kwalin famfo galibi na lokacin da babu abin da ya tare man ne. Da zarar ya bi ta tiyo da matata, sai ya ragu. Famfon da ya gaza yakan bar kwanon ya ƙafe a daidai lokacin da direba ke ƙoƙarin wuce tirela, motar ta riƙa shaƙewa, kuma ƙarancin mai yana sa inji ya ɗauki zafin da zai iya lalata fistin.

Saura zaɓi tsakanin famfon da inji ke kaɗawa da na lantarki. Na farkon ya fi sauƙin sha'ani, kuma inji na mutuwa shi ma ya tsaya. Aibinsa shi ne yana manne da jikin inji yana zuƙo mai daga nesa, a zafin bazara irin namu kuwa fetur kan zama tururi a cikin tiyo, motar ta ƙi tashi sai ta huce. Na lantarki yana magance wannan, amma ya fi iya turawa a kan zuƙowa, don haka kusa da tanki ake ɗaura shi, a ƙasa, da matata tsakaninsa da tankin. Idan matsinsa ya ɗan zarce bukatar kafireta, a sa masa na'urar daidaita matsi, a kuma auna da agogon awo, kada a dogara da kunne. Wajibi ne kuma a haɗa shi da fiyus da makunnin da zai yanke masa wuta idan inji ya mutu, in ba haka ba, a yi haɗari ya ci gaba da feso fetur a kan mutane.

Ni dai na sa na lantarki mai psi 3, Fijo ta koma kan titi lafiya. Shawarata ga masu riƙe da irin waɗannan motoci ita ce, duk ranar da aka ce za a sa muku famfo mai ƙarfi, ku yi tambaya biyu kafin a ɗauko sifana: lita nawa yake bayarwa a awa, kuma matsinsa nawa ne?