Kulor a Ruwan Sha: Yadda Ake Sa Shi da Yadda Yake Ƙarewa

Hirarmu ta yau a kan ruwan sha ce, da wani magani da ake sa masa mai suna kulor, waɗansu su ce kulorin. Ka karanta a hankali. In ka ci karo da lamba ka tsaya, ka rubuta ta a littafinka.

Ba sai na faɗa maka abin da ruwa marar kyau yake yi ba. A watan Yuli na 2018 ciwon kwalara, wato zawo da amai, ya ɓulla a gundumarmu. Mutanen farko da aka gani da shi daga Jibiya suka zo neman magani, can cikin jihar Katsina. Kada ka ga laifinsu, ciwo bai san iyakar ƙasa ba. Kafin farkon watan Oktoba an ƙidaya mutum fiye da 3,600 da suka kamu a Nijar, fiye da 60 suka rasu, kuma gundumar Madarunfa ce ta fi jin jiki. A 2021 ciwon ya sake dawowa jihar Maraɗi. Ƙwayar wannan ciwo ido ba ya ganinta. Cikin kashin marar lafiya take fitowa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa rijiya ko gulbi, wani ya sha ya kamu. Kulor yana kashe ta.

Kulor ɗin nan ka san shi ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne mai warin nan da ke cikin ruwan jabel. Shi ne cikin ƙwayar Aquatabs. Akwai kuma na gari, fari, mai ƙarfi ƙwarai, wanda ma'aikatan ruwa da na lafiya suke aiki da shi. Ba sabon abu ba ne. Tun 1908 wani birni na Amurka mai suna Jersey City ya fara sa shi kullum cikin ruwan da mutanen gari suke sha.

To, ga abin da nake so ka riƙe. Kulor ba ya zama cikin ruwa har abada. Yana aiki, yana ƙarewa.

Bari in kai ka Yamai ka gani. A manyan otal-otal da gidajen masu hali akwai tafkin wanka, wato babban rami da aka gina da siminti aka cika da ruwa don a yi iyo. Mai kula da shi ba ya zuba magani sau ɗaya ya tafi ya kwanta. Kullum sai ya ɗebi ruwa kaɗan ya auna, ya ga nawa ne ya rage, ya ƙara in ya kasa. Me ya sa? Rana tana dukan ruwan, tana cinye mafi yawan maganin cikin awoyi kaɗan. Gumin masu wanka yana ci, ƙura da ganye suna ci. In ya yi sakaci kwana kaɗan sai ruwan ya gurɓace, ya koma kore kamar kududdufin bayan gari. Mu a Sarkin Yamma ba mu da tafkin siminti a gida. Amma muna da randa da tulu da bido da tano, kuma abin da ke cin kulor a Yamai shi ne ke cinsa a nan.

In ka sa kulor cikin ruwa, kashi biyu yake rabuwa. Kashi na farko yana faɗa da laka da dauɗa da ƙwayoyin cuta, a nan yake ƙarewa. Kashi na biyu shi ne wanda ya rage bayan an gama faɗa. Wannan ragowar ita ce mai gadin ruwanka. In wata ƙwaya ta shigo daga baya, ta hannu ko ta moɗa, ragowar ce za ta tare ta. In ruwan yana da dauɗa da yawa, maganin duka zai ƙare a faɗan farko, ba abin da zai rage. Ka sa magani ke nan, amma randarka ba mai gadi.

Nawa ya kamata ya rage? Da miligiram ake auna shi. In aka raba giram ɗaya gida 1,000, kowane gida shi ne miligiram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan minti 30 da sa magani a samu rabin miligiram, wato 0.5, cikin kowace lita, kuma kada ya kasa 0.2 a lokacin da ruwan ya iso hannun mai sha. Ɗan kaɗan ne ƙwarai: rabin giram ke nan cikin tano 5 masu lita 200. Tafkin wanka ya fi haka buƙata, daga miligiram 1 zuwa 3, don mutane suna shiga ciki da jikinsu. Lokacin annoba ma'aikatan ruwa sukan ƙara na famfon unguwa ya kai miligiram 1. Shi ya sa kake jin warin ya ƙaru a irin wannan lokaci. Kada ka guje shi ka koma ruwan gulbi.

Yanzu ga yadda za ki yi, uwargida, tunda ruwan gida a hannunki yake. Ki fara da duba ruwan. In yana da laka, kamar yadda ruwan Gulbin Maraɗi da na tafkuna yake da damina, kada ki sa magani tukuna. Ki ajiye shi ya kwanta, ko ki kaɗa masa ɗan alif. Sannan ki tsiyaye na sama a hankali, ki tace da tsabtataccen ƙyalle a cikin bido mai marfi. Sai ki duba takardar ƙwayar. Nan karatunki zai yi miki rana, don ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba. Wadda aka rubuta 67 a jikinta, ɗaya ce ga bido mai lita 20 in ruwan garau yake. In har yanzu da sauran duhu, 2 za ki sa. Ki rufe, ki girgiza, ki jira minti 30. Ba a shan ruwan kafin nan, kome ƙishirwa. Kuma ƙwayar nan ta ruwa ce, ba ta haɗiya ba ce, a ɓoye ta inda yara ba sa kaiwa.

Akwai wani kuskure da na sha ji a aji, kuma masu yinsa ba wawaye ba ne, tattali suke yi. Mace ta sa ƙwaya a randa ran Litinin. Ruwa ya yi rabi, ta ƙaro sabo daga rijiya ta zuba a kai. Ran Talata haka, ran Laraba haka. In ka tambaye ta sai ta ce ai randarta da magani. Ba magani a ciki tun daren Litinin. Sabon ruwa ya zo da tasa dauɗar, ya cinye ɗan abin da ya rage. Kowane sabon ruwa da tasa ƙwayar. Ruwan da aka sa wa magani kuma ya kwana ɗaya ya wuce, a yi wanki da shi, a sake sabo.

Maganar randa tana da wuya, na sani. Ruwan randa ya fi sanyi, ya fi daɗi, ni ma shi nake so da bazara. Amma bakinta faɗi gare shi, kowa ya zo ya tsoma moɗa har da yatsu, yaro ya ajiye moɗar a ƙasa ya sake tsomawa. Jikin randar da ba a wankewa shi ma yana cin magani. A ganina bido mai ƙaramin baki ya fi, don tsiyayawa ake yi, hannu ba ya shiga. In ba ki iya rabuwa da randa, to ki sa maganin a bido, ki juye a randar da kika wanke, ki rufe da faifai ko marfi, ki sami moɗa mai dogon hannu ki rataye ta. Kada ki sa magani cikin bokitin ƙarfe, ƙarfe yana ɓata shi. Kada kuma ki bar bido a rana.

Ruwan jabel fa? Yana aiki, amma a yi hattara. Ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, kuma wanda ya daɗe a rumfar kasuwa rana tana dukansa ya riga ya yi rauni. Mai turare ko wanda aka haɗa da sabulu ba na ruwan sha ba ne. Kada ka kimanta da ido. Ka ɗauki kwalbar ka kai likita, ma'aikacin lafiya ya karanta ƙarfinta ya faɗa maka ɗigo nawa ne ga bidonka. Kada ka haɗa jabel da wani maganin wanki, yana tada iska mai guba. Waɗansu kuma sukan juye jabel cikin rijiya su ce an gama. Wannan ba ya daɗewa. Sabon ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, guga da igiya suna shiga da ƙasa a jikinsu, kwana ɗaya ko biyu maganin ya tafi.

Ka sani kuma kulor ba ya kashe kome da kome. Akwai ƙwayoyin ciwon ciki masu taurin ɓawo da ba sa jinsa sosai, sai tafasawa. Tacewa ma tana da nata aiki. Da ƙyallen tacewa da rijiyoyi masu kyau aka yaƙi kurkunu, har a 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijar.

Yaya ake sanin abin da ya rage? Hanci yana ɗan taimakawa: bayan minti 30 ka ji wari kaɗan. Amma hanci ba ma'auni ba ne. Ma'aikatan lafiya suna da ɗan akwatin roba da ake ganin cikinsa, irin wanda mai tafkin wanka yake aiki da shi. Asali ma don tafkin wanka aka ƙera shi. Ana cika shi da ruwa, a jefa wata ƴar ƙwaya ta gwaji, a girgiza. In da kulor sai ruwan ya yi ja-ja. In babu, ya tsaya fari. A gefe akwai launuka da lambobi, sai ka gwada ka karanta. Wanda ya iya karanta 0.2 da 0.5 ya iya wannan aiki, kuma ina ganin kowane kwamitin rijiya ya kamata ya sami ɗalibinmu ɗaya da ya koye shi.

Ga yadda ma'aikata suke gano abin da ruwan wata rijiya yake buƙata. Suna dama giram 15 na farin garin nan mai ƙarfi cikin lita 1 ta ruwa. Sai su cika bokitin roba 4, kowane lita 20. Da sirinji suke aunawa. Na farko su sa masa mililita 1, na biyu 1 da rabi, na uku 2, na huɗu 2 da rabi. Bayan minti 30 su gwada kowane. Bokitin da ya nuna 0.5 shi ne ma'aunin wannan rijiya. In ruwan ya sake kama, kamar bayan babban ruwan sama, sai a sake gwaji.

Ga aikin da za ku yi a aji tare da malaminku. A ce bokiti na uku ne ya yi daidai, wato mililita 2 ga lita 20. Mililita nawa za a sa wa tano mai lita 200? Nawa kuma za a sa wa tano 5? Ku rubuta amsa a allo, kowa ya nuna yadda ya yi lissafinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.