NKDP da Ƙuri'ar Raba Gardama a Arewacin Kamaru

An kafa jam'iyyar Northern Kamerun Democratic Party, wadda aka fi sani da NKDP, a shekarar 1959, ƙarƙashin Malam Ibrahim Abba da Malam Hassan Yola. Manufarta ita ce raba Arewacin Kamaru na Ingila da Jihar Arewa ta Nijeriya, sannan a mayar da shi cikin Kamaru kamar yadda yake a zamanin Jamus.

Yankin da ake magana a kansa siririn zirin ƙasa ne da ya taso daga Dikwa, ya biyo ta Gwoza da Mubi, ya yanke a kusa da kogin Binuwai, sannan ya ci gaba ta Ganye da Gashaka har tsaunin Mambila. Bayan an fatattaki Jamus a 1916, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Ingila ta riƙe nata kason da sunan amana, amma ba ta yi wa arewacinsa gwamnati ta daban ba. Sai ta rataya shi a lardunan Barno da Adamawa da Binuwai. A ofis da makaranta Turancin Ingilishi ne a wannan gefe, Faransanci a wancan, alhali a kasuwa Fulatanci da Hausa ne ke aiki a duka ɓangarorin. 

Ƙarfin NKDP bai fito daga son Kamaru kaɗai ba. Ya fito ne daga ƙorafin talakawa a kan mulkin En'e. A yawancin gundumomin Adamawa daga Yola ake turo hakimi, kuma Yola ake kai harajin da aka tara, ga ƙarancin makarantu da asibitoci da hanyoyi. Ƙabilu irin su Chamba da Higi da Mambila suna ganin cewa shiga Nijeriya yana nufin dawwama a hannun waɗannan hakimai.

Ranar 7 ga Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido aka yi ƙuri'ar farko, maza zalla. Zaɓi biyu ne: a zauna cikin Jihar Arewa, ko a ɗage shawara zuwa gaba. NKDP ta nemi a ɗage, jam'iyyar Action Group ta mara mata baya don ta kunyata NPC mai mulkin Jihar Arewa. Masu son ɗagewa suka sami ƙuri'u 70,546, masu son Nijeriya 42,788.

Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gane inda gizo ke saƙa. A 1960 aka cire gundumomin daga hannun Yola, aka kafa musu En'e nasu, aka sauke hakiman da jama'a suka fi kuka da su. Daga Oktoba 1960 Ingila ta riƙe yankin kai tsaye, Sir Percy Wyn-Harris yana mulki daga Mubi. Abokan tafiyar NKDP na jiya kuwa, da tambaya ta koma Nijeriya ko Kamaru, sai suka haɗa kai da NPC.

A ƙuri'a ta biyu, 11 da 12 ga Fabrairu 1961, mata ma sun yi zaɓe. Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659, ko da yake ƙasar Chamba Kamaru ta zaɓa. Kashi 40 cikin ɗari ba abin rainawa ba ne ga sabuwar jam'iyya irin NKDP, amma gyaran En'e ya riga ya ƙwace mata babban makaminta.

Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki, Kamaru kuma ta kai Ingila Kotun Duniya, wadda a Disamba 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar. Daga nan aka daina jin ɗuriyar NKDP. Ɓangaren kudu na yankin, wato ƙananan hukumomin Gashaka da Kurmi da Sardauna mai hedikwata a Gembu, yana cikin Jihar Taraba tun 1991.