A Irlande, gasa a zaure, kiɗa a mashaya

Mu ma'aikatan radiyo mun saba ganin makaɗi bisa dandali. A ƙasar Irlande kuwa, lokacin bikin kiɗan gargajiya na Fleadh Cheoil, wanda ƙungiyar Comhaltas ta soma a garin Mullingar a 1951, ana yin gasa ne cikin zauruka. Amma masu kunne sun san inda kiɗa ke yin daɗi, wato mashaya, in dare ya yi.

Can babu dandali, galibi babu kuɗin shiga. Mai goge, mai sarewa da mai ƴar gangar fatar akuya da ake kira bodhrán sukan zauna a lungu, kewaye da tebur guda. Wani ya ɗauko kiɗa, wanda ya san shi ya bi, wanda bai sani ba ya aje kayansa ya saurara. In tsoho ya soma waƙa da baki kawai, sai a tsawata wa masu surutu, ɗaki ya yi tsit. Ba giyar muke yabo ba. A irin wannan zama ne sabon makaɗi ke ɗaukar kiɗa da kunne daga na gaba da shi.

Sai dai wuraren na ƙarewa: sama da mashaya 2000 sun rufe tun 2005, akasari a karkara. A 2021, da aka so gina otel kan mashayar Cobblestone ta Dublin, makaɗa sun hito titi da kayan kiɗansu, hukumar birnin kuma ta hana izinin ginin.