Haruffa Tara da Suka Ba Kwamfuta Wahala a Lituweniya

Kalmar godiya a harshen mutanen Lituweniya haruffa huɗu ce kacal: ačiū. A shekarun 1990, idan mutum ya buga ta a kwamfutarsa a birnin Vilnius na ƙasar ya aika wa ɗan'uwansa da ke Ingila, sau da yawa abin da ke fitowa a can shi ne aèiû. Mai rubutu bai yi kuskure ba. Matsalar tana can cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato irin su DOS da Windows, wadda ita ce ke yanke hukuncin yadda kowane harafi zai bayyana.

Lituweniya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar Tekun Baltik, masu magana da harshenta kusan miliyan 3 ne. Haruffansu 32, kuma tara daga ciki babu su a Turanci: ą, č, ę, ė, į, š, ų, ū, ž. Wasu na da wutsiya a ƙasa, wasu ɗigo ko 'yar alama a ka. Mutanen nan ba sa wasa da haruffan, kuma suna da dalili. Daga 1864 zuwa 1904 daular Rasha ta haramta buga harshen da haruffan boko, sai aka riƙa buga littattafai a Gabashin Furusiya ana fasa-ƙwaurinsu ta kan iyaka, wanda aka kama kuma ya sha ɗauri ko a tura shi Saiberiya.

Tsofaffin kwamfutoci gurbi 256 kawai suke da shi na haruffa da alamomi. Rabin farko na Turanci ne da lambobi, sauran rabin kuwa kowa ya cika shi yadda ya ga dama. Bayan ƙasar ta sake samun 'yanci a 1990, sai jadawalan haruffa suka yi yawa: akwai na cikin gida masu lamba 770 zuwa 774, ga 775 na DOS, ga Windows-1257, ga kuma ISO 8859-13 da ya fito a 1998. Gurbin da ke ɗauke da č a Windows-1257 shi ne ke ɗauke da è a jadawalin Yammacin Turai, shi ya sa godiyar nan take isa Ingila a hargitse. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai, shi ya kashe wannan wuta.

Inda labarin ya fi ba ni sha'awa shi ne allon madannai. Kwamfutocin da suka shigo ƙasar da madannan Turanci suka zo, to ina za a sa haruffa tara? Sai aka yi dabarar gaggawa: aka ɗora su a kan jerin lambobin da ke sama. Ka danna 1 ta ba ka ą, 2 ta ba ka č, haka har zuwa 8 mai ba da ū, sannan ž ta zauna a madannin alamar daidai. In kuma lambar kanta kake so, sai ka danne madannin AltGr tukuna, ko ka koma ga lambobin gefen dama. Akawu mai rubuta suna da kuɗi a layi ɗaya ya san zafin abin. A shekarar 2000 hukumar ma'auni ta ƙasar ta fito da tsari na musamman, LST 1582, wanda layin haruffansa na sama ke farawa da ĄŽERTY, aka zaunar da kowane harafi inda yatsa zai same shi cikin sauƙi. Tsarin ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma akwai shi a Windows da Linux. Amma jama'a sun riga sun saba, hannu kuma ba ya jin umarnin hukuma. Har yau akasarinsu na kan lambobin suke amfani da shi.

Fassara kalmomin da ke kan allo ma ba ƙaramin aiki ba ne, domin jam'i a harshen iri-iri ne. Fayil ɗaya failas ne, daga 2 zuwa 9 failai, daga 10 zuwa 20 failų, a 21 kuma a koma failas. Manhajar da aka gina a kan cewa abu ko ɗaya ne ko da yawa, dole ta yi tuntuɓe a nan. Wajen jera sunaye ma, harafin y tare da i yake zama, ba can ƙarshe ba. Kwanan wata da shekara ake fara shi. Da ƙasar ta bar kuɗinta na litas ta koma yuro ranar 1 ga Janairu 2015, sai da aka sabunta alamar kuɗi a cikin manhajoji.

Akwai sauran rina a kaba. A ƙamus da littattafan makaranta ana ɗora wa wasula alamar inda ake ƙarfafa murya, kuma da dama daga irin waɗannan haruffa ba su da lamba guda a Unicode, sai an haɗa lambar harafi da ta alama. Idan salon rubutun bai iya ba, alamar ta zame gefe. Ƙaramin i kuma ba ya yar da ɗigonsa ko da an ɗora masa alama, abin da ya sa Unicode ya ware wa harshen ƙa'ida ta kansa. Hukumar harshe ta ƙasar har salon rubutu ta sa aka ƙera, mai suna Palemonas, saboda wannan.

Yau Windows da Android suna magana da Lituweniyanci, 'yan sa-kai kuma sun fassara GNOME da KDE na Linux. Duk da haka matasa da yawa suna tura saƙo ba wutsiya ba ɗigo, kamar yadda namu ke rubuta kasa a inda ya kamata a ga ƙasa. A ganina laifin yanzu ya tashi daga kan na'ura. Mai karatu, shiga saitin wayarka ka zaɓi madannan Hausa. Ɓ da ɗ da ƙ suna nan suna jiran ka.