Abubuwan da ya kamata ka sani game da rashin daidaiton batiran litiyom a sola

Gidaje da shaguna da ƙananan asibitoci da yawa sun bar batirin ruwa sun koma litiyom saboda ƙarkonsa. Amma wani koke ya yawaita: inbata ta ɗauke da tsakar dare alhali allo na nuna saura kashi 30, ko caji ya tsaya tun hantsi kamar batir ya cika. Sau da yawa batirin bai mutu ba, ƙwayoyinsa ne suka daina tafiya tare. Matsala ce mai gyaruwa idan an auna kafin a yanke hukunci.

Mene ne rashin daidaito?

Yawancin batiran litiyom na sola nau'in LiFePO4 ne. Kowace ƙwaya bolt 3.2 take bayarwa, ana jera 4 a sami bolt 12.8, 8 a sami 25.6, 16 kuma a sami 51.2. Bai kamata ƙwaya ta haura 3.65 ba, ko ta faɗi ƙasa da 2.5. Na'urar BMS da ke cikin batirin ita ke gadin wannan iyaka: da zarar ƙwaya ɗaya ta taɓa ta, sai ta katse batirin gaba ɗaya.

Kamar jarkoki 16 ne da ake ɗura wa ruwa daidai wa daida, wasu da ragowar ruwa a ciki. Wadda ta fara cika ita ke sa a rufe famfo, sauran ko oho. Wajen amfani kuma, wadda ta fara ƙarewa ita ke tsayar da kowa.

Me ya sa ba a ganewa da wuri?

Daga kusan kashi 20 zuwa 90 na caji, ƙwayar LiFePO4 tana zaune ne a tsakanin bolt 3.2 da 3.35. Wadda ke da rabi da wadda ta kusa cika duk kusan lamba ɗaya za su nuna maka. Wajen caji, bambancin ba ya bayyana sai an haura 3.4. Don haka awon da aka yi da daddare ko da sassafe yana iya zama yaudara.

A daidai wannan mataki ne kuma yawancin BMS ke fara daidaita ƙwayoyi. Batirin da ba ya cika ba ya samun damar daidaituwa, kuma lissafin kaso da ke allo yana ta kaucewa, domin sai an cika taf yake komawa daidai.

Me ke jawo shi?

Na farko, rashin cika caji. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe farantin sola, hadarin watan Agusta, da firiza ko famfon burtsatse da aka ƙara ba tare da ƙara faranti ba, duk suna hana batir kaiwa ƙarshe har na makonni.

Na biyu, haɗin waya. Idan batira suna gefe da gefe kuma wayar ɗaya ta fi gajarta, shi zai riƙa ɗaukar nauyi fiye da 'yan'uwansa. Noti mai sako-sako ko kan waya mai tsatsa ma yana sa BMS ta ga ƙwaya ta cika alhali ba ta cika ba.

Na uku, jera batiran bolt 12 guda huɗu don a sami 48. Kowanne BMS ɗinsa ƙwayoyinsa kaɗai ta sani, babu mai daidaita su da juna.

Na huɗu, gauraya sabo da tsoho, da kuma zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, batirin da ke jikin inbata ko ƙarƙashin kwano yana saurin tsufa fiye da sauran.

Yaya ake binciken matsalar?

1. Duba saitin inbata, ka tabbatar yana kan litiyom. Cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa batirin ruwa lokaci-lokaci ba na litiyom ba ne, a kashe shi.
2. Da rana, batir na dab da cika, duba lambar kowace ƙwaya a allo ko manhajar BMS. Tazarar da ba ta kai bolt 0.05 ba ba abin damuwa ba ce. Idan ta haura 0.1, akwai aiki.
3. Lura da halin ƙwayar. Wadda lambarta ta fi ta sauran yawa lokacin cika da kuma lokacin ƙarewa, daidaito kawai take buƙata. Wadda ta fara cika kuma ta fara ƙarewa, ta yi rauni.
4. Sa mitar da ake maƙalawa a waya ka auna abin da kowane batir ke bayarwa, sannan a duba ko akwai mahaɗar da ta yi zafi.

Yaya ake gyarawa?

Rage kaya na 'yan kwanaki, ko a taimaka da janareta, a bar batir ya zauna a kusan bolt 3.45 kowace ƙwaya, wato 55.2 ga mai ƙwaya 16, sai dai in kamfanin ya faɗi wata lamba. Ana buƙatar haƙuri: idan ƙwayar batir mai amfiya-awa 100 ta yi gaba da kashi 5, BMS mai zuƙe amfiya 0.05 sai ta yi awa 100 kafin ta daidaita ta. Idan tazarar ta yi yawa, mai gyara zai iya ƙara na'urar da ke kwashe caji daga ƙwaya mai yawa zuwa mai kaɗan.

Batiran da ke jere, a caza kowanne shi kaɗai har ya cika kafin a mayar. Na gefe da gefe kuwa, a haɗa su kan sandar tagulla ɗaya da wayoyi masu tsawo da kauri iri ɗaya, kuma kada a haɗa su sai ƙarfinsu ya zo kusa da juna.

Abin da ba a yi

Kada ka yarda wani ya tsallake BMS don wuta ta daina ɗaukewa, ita ce ke tsakaninka da gobara. Ƙwayar da ta kumbura, ko take wari, ko take zafi, a kashe komai a kira ƙwararre. Bayan an gyara, ka tabbatar batirin yana cika taf aƙalla sau ɗaya a mako, ka wanke faranti, ka kuma riƙa rubuta tazarar ƙwayoyi duk wata domin ka ga matsala tun tana ƙarama.